Benen Damo a Gidan Takaba

Har gobe ban manta da safiyar Juma'ar da na tsaya a zauren mutane, hannuwana a baya, ina sauraron matata tana haɗa aikina da taɓarya ba. Ku da kuke koyon aiki a shagon nan kun sha tambayata wane aiki na fi alfahari da shi, kuna zaton zan ce ƙofar wani masallaci ko kujerun gidan wani attajiri. To, ba su ba ne. Keji ne na damo, hawa uku, kuma ko fegi ɗaya ban buga ba ranar da aka kafa shi.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne, farkon damina. Lokacin ni ne babban ma'aikaci a shagon marigayi Alhaji Mudi, nan kusa da Ƙofar Ruwa. Ga wanda bai san tsarin shago ba, maigida shi ke karɓar aiki ya yi ciniki. Babban ma'aikaci shi ke zuwa awo, ya zana, ya raba wa sauran yanka da guga, sannan ya je ya kafa aikin da hannunsa. Awo da kafi su ne mutuncin babban ma'aikaci, ba ya bar wa kowa su. A shekarar nan kuwa ba mu da lokacin shan ruwa. Kowane sabon kansila yana son tebur mai aljihu, kowane lungu an buɗe ofishin jam'iyya ana neman benci da allon rubuta suna.

Ana cikin haka wata rana na koma gida na tarar da matata Talatu ta yi jugum. Ta je unguwarsu ta haihuwa a gindin Dala, ta sake gai da wata dattijuwa, Hajiya Zulai, wadda ke takabar mijinta Malam Muntari. Shi Malam Muntari jikan Larabawan nan ne da suka zo birni da fatauci tun zamanin ayari, sana'arsa kuma fata. Shekaru da suka wuce mafarauta suka kawo masa damo uku da ransu, a ɗaure, don a yanka a cire fatar. Ya saye su, ya dube su, ya ce ba za a yanka ba. Ya sake su a kangon bayan gidansa, kullum da hantsi yana zama a kan buzu yana ba su fara da dafaffen ƙwai. Allah bai ba shi haihuwa da Hajiya ba. Mutanen lungu suna yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Bayan rasuwarsa ƙaninsa Alhaji Bashir ya zama babba a gidan. Kangon yana da ƙofa ta waje, sai ya yi wa 'yan jam'iyyarsa alkawarin za su gyara shi su yi ofis. Ana haka ruwan farko ya zubar da gefen katangar, babban damon ya fita ya shanye ƙwan kajin maƙwabta. Magana ta kai gaban mai unguwa, ya yanke cewa zuwa Juma'a ta sama, idan an sauko daga masallaci, ko dai a killace dabbobin a cikin gida, ko majemi ya zo ya kwashe su.

Talatu ta ce da ni, "Malam, tsohuwar nan ba ta yi kuka a gabana ba sai da ta zo kan maganar damon nan. Ta ce su kaɗai suka rage mata da take tashi da safe dominsu. Na ce mata mijina kafinta ne, babu abin da ya gagare shi."

Na ce, "Ke kika ce, ko ni na ce?"

Ta ce, "Ai duk ɗaya ne."

Washegari na ɗauki tef ɗina na awo na tafi. Gidan irin na da ne, zaure biyu a jere, kowace ƙofa ta kauce wa 'yar uwarta don kada na waje ya hango ciki. Alhaji Bashir ya tare ni a zauren farko. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Kunyar damon yake ji, musamman yanzu da manyan mutane suka fara zuwa ƙofar gidan da motoci. A ka'ida idan ma'aikaci ya zo aiki sai a yi sallama a ce mata su kauce, ya shiga. Amma shi ya ce, "Malam kafinta, matar yayana tana takaba. Babu namijin da ba muharrami ba da zai taka tsakar gidan nan, balle saboda ƙadangaru. Iyakarka zaure na biyu." Ya faɗi haka yana murmushi, don a ganinsa magana ta ƙare. Gidansa ne, kuma yana da hujjarsa, ban ja da shi ba. Na ce, "To Alhaji, idan kejin ya shiga ba tare da ni ba fa?" Ya yi dariya ya ce, "In ya iya shiga da ƙafarsa, bismilla."

Da na kai wa Alhaji Mudi labari ya ce, "Garba, aikin da ba ka auna ba, ba ka kafa ba, idan ya rushe sunan shagona za a kira." Na roƙe shi ya bar ni in riƙa yi bayan la'asar, idan na sallami aikin ranar. Ya girgiza kai ya ce, "Mutane na yi wa kansiloli tebur, kai ka koma gina wa damo bene. Je ka, amma kada in ji kunya."

Matsala ta farko awo. Talatu ce kaɗai za ta iya shiga, ita kuwa ko tsaka ta gani a bango sai ta sauya ɗaki. Ban ba ta tef ba, domin lamba takan rikice a baki tsakanin tsakar gida da zaure. Na sayi damin karan dawa, na ba ta wuƙa. Na ce ta dafa kara a inda za a kafa kejin ta yanke shi daidai, tsawo da faɗi da bisa, inda kara ɗaya bai kai ba ta ɗaure biyu. Haka ta yi wa ƙofar ciki da kwanar da ke bayanta. Wurin da ya rage wa Hajiya ɗan lungu ne tsakanin ɗakinta da madafa, dogo amma siriri. Ba yadda za a jera keji uku a ƙasa. Dole a ɗora su.

Ni a kaina abin mai sauƙi ne, don na sha yin ɗakin tattabaru: akwati kan akwati, ragar waya ta ko'ina, a shafe katakon da baƙin mai saboda gara. Ina cikin faɗa wa Talatu haka a zaure na biyu sai na ji gyaran murya daga bayan ƙyauren ciki. Hajiya Zulai ce. Ban ga fuskarta ba, muryarta kawai, a hankali.

Ta ce, "Garba, sannu da ƙoƙari. Amma damo ba tattabara ba ne. In ka sa masa raga a gefe, zai yi ta goga hanci yana neman hanya har ya yi jini. Baƙin mai kuma kada ya kusance su, Malam ko kananzir ba ya bari a ajiye a kangon. Suna son ƙasa mai zurfi su yi tono. Kada su riƙa ganin juna, biyu maza ne, faɗa za su yi. Abin da ya fi duka, kowanne sai ya sami rana ta gefe ɗaya, inuwa ta ɗaya gefen. In babu rana ba sa cin abinci."

Na ce, "Hajiya, in an ɗora su, na sama ai zai tare wa na ƙasa rana."

Ta ce, "To, ni dai na faɗa maka abin da suke so. Kai ne kafinta."

Maganar nan ta bi ni har gida. Ina zaune ina ta juya ta, idona ya faɗa kan jeren kwanukan Talatu a ɗaki, babba a ƙasa, ƙarami a sama, bakin kowanne ya leƙo daga ƙarƙashin na samansa. Nan take na tashi. Akwatin ƙasa zai zama mafi tsawo, na tsakiya ya gaza shi, na sama ya gaza na tsakiya, duk a jingine su ta gefe guda. Ta ɗaya gefen kowanne zai fito fili kamar matakala, a rufe samansa da raga, rana ta shiga. Babban damo a ƙasa, ƙaramar macen a sama. Na sake tura Talatu da gawayi ta zana min a ƙasa inda rana take kaiwa da hantsi, ta auno da kara, don in san gefen da matakalar za ta fuskanta.

Saura babbar matsalar: wa zai kafa? Ƙusa tana son hannun da ya saba, in ba haka ba ta lanƙwashe ko ta tsaga katako. Sai na yanke shawarar ba za a buga ƙusa ko ɗaya a cikin gidan ba. Duk abin da ke son ƙusa, ragar waya, sakata, fallen kwanon rufi da na shimfiɗa a ƙasan kowane akwati don kada laima ta ruɓar da katako ko ta ɗiga wa na ƙasa, na gama shi a shago. Sauran haɗin na yi shi irin na mutanen da: a fere bakin katako ya shiga ramin ɗan uwansa ya leƙo ta baya, a soka fegi ya riƙe. Na zaɓi maɗaci, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Dogayen allunan gefe na raba su biyu, domin karan Talatu ya nuna min ba za su juya kwanar ƙofar ciki ba. Bakin kowane haɗi na shafa masa launi, ja ya nemi ja, kore ya nemi kore. Fentin ma ragowar na allunan jam'iyyu ne, sai ga launukan da ba sa ga maciji da juna a titi sun zauna lafiya a jikin kejin damo.

Daga nan na kwaso kayan zuwa tsakar gidana muka shiga makaranta. Talatu ta haɗa, ta kwance, ta sake haɗawa. Na ba ta guduma ta ce ba ta jin daɗinta a hannu, ta ɗauko gajeriyar taɓaryarta ta daka yaji. Wallahi bugun da take yi da ita ya fi na wasu daga cikinku daidai. Mun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Ta ce ina yi mata tsawa kamar yaron shago, na ce yaron shago ba ya mayar min da magana. Amma ranar Laraba ta haɗa hawa ukun ina zaune ban ce uffan ba.

Ranar Alhamis matan lungun suka yi ta shigar da yashi da jar ƙasa a bokiti. Juma'a da sassafe na turo kayan a amalanke, na sauke a zaure na biyu, mata suna fitowa suna ɗauka. Sannan na koma gefe na tsaya. Ban taɓa jin hannuwana sun yi min yawa ba sai ranar.

Ku sani, fegi yana magana. Idan yana shiga daidai, ƙarar bugun tana farawa a sake, tana ƙara tsukewa, har ta koma gajeriya, tau, sai ka san ya zauna. Ina jin su ɗaya bayan ɗaya ina gyaɗa kai. Akwatin ƙasa ya tashi lafiya. Da aka zo na tsakiya sai na ji bugu yana ta maimaituwa, ƙarar ba ta sauyawa.

Na ɗaga murya na ce, "Talatu, dakata! Kada ki ƙara, za ki tsaga shi."

Ta leƙo, gumi ya jiƙa mata mayafi. Ta ce, "Ja na kan ja, amma ramin ya ƙi haɗuwa. A gida ba haka ya yi ba. Ko dai ka ba ni wani katakon?"

Na san katakona. Na tsaya ina tunanin abin da ya bambanta tsakar gidana da wannan, sai na tuna lungun kusa da madafa yake. Na tambaya, "Ina ruwan wanke-wanke yake bi?" Muryar Hajiya ta amsa daga ciki cewa ta nan gefen yake gangarawa zuwa rariya. Ashe ƙasar a karkace take, abin da kara ba zai taɓa faɗa min ba. Ƙafa ɗaya ta sauka, akwatin ya murɗe.

Na ce a kawo tasa a cika ta da ruwa, a ɗora a kan akwatin ƙasa, a gaya min ta inda ruwan ya fi kusa da baki. Wata murya da ban sani ba ta ce, "Ta wajen rariya, ɓangaren bango." Na ce su ɗaga wannan ƙafar su sa wani abu mai faɗi da ƙarfi. Aka gwada murfin tukunya ya lotse. Hajiya ta ce a ɗauko fasasshen dutsen niƙan da ke bayan ɗakinta. Na ji mata suna nishi suna "ɗaga, ɗaga", sannan muryar nan ta ce ruwa ya kwanta daidai. Talatu ta buga. Sau biyu, na uku ya ce tau. Sai a lokacin na lura na jiƙe sharkaf, ni da ban ɗaga komai ba.

Lokaci kuwa ya tafi. Aka fara kiran salla hawa na uku bai hau ba, ƙasa ba a zuba ba, damo suna kango. Dole na bar zauren na tafi masallaci. Allah ya yafe min, huɗubar ranar ban riƙe ko kalma ɗaya ba.

Da muka dawo na tarar da majemi zaune a dakalin ƙofar gida da buhunsa da igiya. Alhaji Bashir ya iso cikin babbar riga, ya dube ni ya ce, "Malam kafinta, ya shiga da ƙafar tasa?" Na ce, "Alhaji, a ɗan ba mu lokaci kaɗan." Talatu ta aiko cewa keji ya tsaya, biyu sun shiga, amma babban ya shige raminsa a kango ya ƙi fitowa, hayaniya ta firgita shi. Majemin ya miƙe ya ce shi ya san yadda ake zaƙulo su. Alhaji Bashir ya buɗe baki zai ba shi izini.

Sai muka ji wata 'yar ƙara daga bayan katanga. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, ana buga dafaffen ƙwai a bakin kasko, ana tsayawa, ana sakewa. Alhaji Bashir ya fasa ba da izinin. Ya sunkuyar da kai, ya ce kamar da kansa yake magana, "Haka Yaya yake kiransu." Ya ɗaga wa majemin hannu alamar ya zauna. Muka tsaya mu uku muna sauraro, har muka ji an ja ƙyaure, an tura sakata.

Talatu ta fito tana haki ta ce, "Ya shiga. Hajiya ce ta kira shi da ƙwai, ni na riƙe masa ƙofa." Matar da ke gudun tsaka ke nan.

Alhaji Bashir ya shiga ciki, ya daɗe. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya sallami majemin da haƙuri, ya juyo ya ce, "Babu ƙusa ko ɗaya a haɗin nan?" Na ce babu. Ya ce, "Har da matata a masu ɗagawa, wai ita ce mai duba ruwan tasa. A gidana aka yi min taron dangi ban sani ba." Ya yi 'yar dariya, ya miƙo min hannu.

Ni ban ga kejin a tsaye a gidan ba sai da Hajiya ta fita takaba. Ta aiko musamman in zo da hantsi, ni da Talatu. Na shiga na same su su uku, kowanne ya miƙe a gefensa na rana, hawa bisa hawa, sun lumshe ido. Hajiya tana zaune a kan buzun Malam da kwanon fara a gabanta. Farin cikin da na ji a ranar ban san da me zan kwatanta shi ba.

Amma idon kafinta ba ya hutawa. Nan da nan na hango allo ɗaya a hawa na biyu an sa shi a juye, gefen da na goge yana ciki, mai kaushin yana waje. Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Talatu ta ga inda nake kallo, ta harare ni. Na ce, "Hajiya, da za a ba ni guduma in gyara wannan ɗaya."

Ta ce, "Kada ka taɓa, Garba. Wannan ni na sa shi da hannuna. Wata huɗu mutane suna shigowa suna ce min in yi haƙuri, in zauna, kada in wahalar da kaina. Ranar nan ce kaɗai aka miƙo min abu aka ce riƙe nan, Hajiya."

Na mayar da hannuna aljihu.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Da ina ganin gwanintar kafinta tana hannunsa, in ba ya wurin aiki ba zai tsaya ba. Gidan nan ya nuna min cewa aikin da ya fi wuya shi ne wanda za ka tsara har wanda bai taɓa riƙe guduma ba ya iya tayar da shi ya tsaya. Kafin ku ɗauki zarto ku tambayi wanda zai zauna da abin me yake so, ku san ƙofar da zai bi, ku san hannun da zai riƙe shi. Kejin ya yi shekaru yana aiki, har Hajiya ta koma ga Allah, allon nan yana nan a juye. Ni kuma har yau in na ce "kejin da na yi", Talatu daga madafa sai ta ce, "Malam, wa ya riƙe taɓarya?" Sai in yi dariya in ce, "Ke ce."